Raufu Makaɗi da Gwangwanin Kafso

A unguwarmu ta Isale Oba, nan cikin Iwo, in cikinka ya murɗa ko haƙorinka ya motsa, ba asibiti ke fara zuwa maka a rai ba, gwangwanin Baba Sikira ne. Tsohon gwangwanin madarar gari ne wanda rubutun jikinsa ya goge tun zamanin soja, yana zaune a bakin tagar Raufu Ayandokun kamar shi ya gina gidan. Shagon ɗinkina ya shekara goma sha tara jingine da katangarsu, saboda haka duk wanda ya shiga dafe da ciki ya fito yana yamutsa fuska don ɗaci, ta gabana ya wuce. Ni ma na shiga, kuma ba sau ɗaya ba, kada wani ya ce na tsame kaina.

Raufu makaɗi ne, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. Baba Sikira muke ce masa, da sunan 'yarsa ta fari da ke aure a Ibadan. Yana ɗan shekara shida aka rataya masa ƙaramar ganga aka tura shi bayan manya. Yana da talatin da biyu ubansa ya rasu, ya gaji uwar ganga, mai ƙararrawa a baki, wadda ke shiga gaba tana magana sauran suna amsawa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama tudu saboda rataya ta shekara hamsin. Ni ke yi masa ɗinki, na sani. In na yanka masa riga daidai, a karkace take zama, sai na yanka ta a karkace sannan ta zauna daidai.

Wanda bai sani ba yakan ɗauka hannun dama ne makaɗin, tunda shi ke riƙe da sanda. Raufu ya ce dama ɗan aike ne kawai. Hagu ne ke cusa yatsu cikin igiyoyin fata, ya matse ganga ta yi sama, ya sassauta ta yi ƙasa, har ta kira sunan mutum da na ubansa da bajintar da kakansa ya yi a yaƙin da ba wanda ya gani. Ba ya ɗaukar kaya da hagun nan, ba ya faskare da shi. Matarsa Wosila, mai koko da ƙosai a bakin layi, ta ce da hannun na da baki da tuni ya nemi a ware masa nasa kwanon abinci.

Soyayyarsa da kafso a Abijan ta fara. Yana saurayi ya bi ubansa bikin wani ɗan garinmu da ya yi arziki a can. Ana gobe biki cikinsa ya ɓare, ya yini yana sintiri tsakanin ɗaki da bayi. Direban da ya kai su ya zaro ƙwaya biyu daga aljihu, rabi ja rabi rawaya, ya ce ya haɗiye. Washegari Raufu ya yi kiɗa tun hantsi har magariba bai nemi buta ba. Ko ƙwayar ce, ko cikin ne ya gaji don kansa, Allah masani. Shi dai Raufu ya dawo gida da imani.

Daga nan ya gina ilminsa na magani, kuma da ilmin kiɗa ya gina shi. A wurin biki makaɗi yakan tsaya gaban mutum ya yi ta zuba masa kirari har ya miƙe ya taka, ya manna masa abin da ya sawwaƙa a goshi. Da ya taka ya zauna, an gama da shi, sai a juya ga na gaba. Makaɗin da ya ci gaba da dukan ganga a kan wanda ya riga ya zauna, ko sabon shiga ne ko kurma. To haka Raufu ya ɗauki cuta. Ka ba ta biyu da safe, biyu da yamma, da ta nuna ta ji, ka juya. Waɗanda likita ke ce wa su sha magani kwana bakwai tausayinsu yake ji. Ya ce ukun farko na cuta ne, huɗun da suka rage na mai kyamis ne.

Huɗun nan kuwa su ne jarin gwangwani. Duk wanda ya je asibiti a unguwa, da ya ji sauƙi sai ya kawo ragowar, Raufu ya ɓare su daga takardarsu don kada su ci wuri, ya zuba. Ba ya karɓar komai, sadaka ce. Sunan magani bai dame shi ba, da launi yake aiki. Ja-da-rawaya na ciki ne. Baƙi-da-ja na rauni da tari. Mai ruwan toka na abin da ya gagari waɗancan. Farare ƙanana na ciwon baya. In gwangwani ya yi ƙasa sai ya cike daga kwandon wata mata da ke shanya magani a rana ranar kasuwa. Kafin ya fita biki yakan buɗe guda ya zazzage a koko, wai rigakafin miyar da ba ka san hannun da ya dafa ta ba. Kajin Wosila in sun yi sanyi sun sha. Akuyarsu ta sha. Ruwan da yake jiƙa fata ma yakan samu rabonsa, don kada ta yi wari.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa miƙa hannu ba, uwarsa Iya Sariyu. Ta ce ba za ta haɗiyi abin da ya ɓoye cikinsa a riga kala biyu ba, sai ya tuɓe ta ga ko wane ne. Ta rayu shekara casa'in da huɗu a kan jiƙon sassaƙe da masifa, ta rasu da hantsi a kan tabarmarta, tana tsakiyar faɗa da mai kifi.

Mutuwar tsohuwa irin wannan ba ta dogon kuka ba ce. An yi jana'iza, an yi addu'ar takwas, aka tsayar da ranar arba'in don babban taro. Yayar Raufu, Mulika, mai sayar da atamfa a Abijan, ita ta yanke ranar ta waya, ta aiko da yadin anko shuɗi mai zanen tsuntsu aka jibge min a shago har ba ni da wurin miƙe ƙafa. An sayi shanu biyu, an kama rumfuna, 'yan'uwa mota guda sun shirya tasowa daga Abijan. A gidan Ayandokun kuma akwai abin da ba a tsallakewa: ranar taron uwa ko uba, babban ɗa namiji ne ke ɗaukar uwar ganga ya shiga gaba, ya kai kirarin mamaci tun daga ƙofar gida har kasuwa ya dawo da shi. Raufu ya yi wa iyayen mutane ɗaruruwa, yanzu layi ya zo kan tasa. Tsohuwar da kanta ta sha sa shi ya kaɗa mata kirarin tana raye tana gyara masa, don ta ce ranar ba za ta samu sukunin gyarawa ba.

Saura kwana goma sha shida ya ce uwar ganga sai ta sa sabuwar fata. Yana zaune ƙofar gida yana ɗinke bakinta, yana yi min tsiya cewa wandon da na ɗinka masa bara ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya, sai basilla ta zame ta shige masa gindin manunin hagu, can ciki. Ya zare, ya tsotse, ya tofar. Ya jawo gwangwani ta taga, ya buɗe baƙi-da-ja ya cusa garin cikin ramin, ya ɗaure da wani ƙyalle da ya tsinta ƙarƙashin kekena. Ya haɗiye biyu ba ruwa, ya ci gaba da zancen wando.

Kwana biyu yana sha, zogi ya lafa, ya juya kamar yadda ya saba. Rana ta shida yatsan ya dawo masa da baƙi, ya kumbura ya yi sheƙi kamar ƙaramin dankali. Raufu ya ce ciwon ya raina baƙi-da-ja ne, ya koma ja-da-rawaya. Na tuna masa wannan na ciki ne. Ya ce jini ɗaya ne ke zagayawa, in tsaya kan almakashina. Da wannan ma bai yi ba ya shigo da mai ruwan toka. Daga baya ya haɗa su duka uku, ya ce ko a biki in abu ya yi zafi duk ganguna ke shiga.

Wosila 'yar ƙaramar mace ce, ba ta taɓa ɗaga wa mijinta murya ba, ba ta kuma taɓa barinsa ya huta ba. Rana ta tara tana ajiye masa amala ta dubi hannun.

"Baba Sikira, ku ba ni awon yatsan nan in kai wa Tela. Tunda ya zama mutum, shi ma a ɗinka masa anko."

"Ruwa ne ya taru, Iya Sikira. Gobe zai sace."

"Jiya ma gobe kuka ce. Ko goben Abijan kuke nufi, mai zuwa a mota?"

Ta ce su je asibiti. Ya ce asibiti wurin waɗanda ba su da gwangwani ne.

Goben Abijan ɗin kuwa ta zo ranar Lahadi, da Mulika a kujerar gaba. Ƙatuwar mace ce mai shekara sittin da shida da haƙorin zinari, kuma duk duniya ita kaɗai ta rage da ke kiransa Raufu gatsal. Ya tarbe ta da hannun ɓoye cikin babbar riga. Litinin da safe aka taru a tsakar gida don gwaji, shi da ƙaninsa Lere da sauran makaɗan gidan. Lere dogo ne siriri, marar magana, ya shekara ashirin da huɗu yana kiɗa a bayan yayansa, har mutane sun fi sanin ƙeyar Raufu a wurinsa fiye da fuskar shi kansa. Na leƙo ta katanga ina kallo. Raufu ya rataya uwar ganga, ya cusa hannu cikin igiyoyi, ya matsa. Gangar da ke kiran sunan mutum da na kakansa ta ce bum, kamar an doki jarka. Ya sake. Gumi ya karyo masa, ya ja da baya ya zauna a kan turmi.

Mulika ba ta tambayi kowa ba. Ta kamo hannun ta kwance ƙyallen. Wari ya fara fitowa, sannan muka ga tafin ma ya tashi, ga wani jan layi ya bar wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu. Jikinsa kamar garwashi. Ta tambaye shi me ya sha. Wosila ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani ta ajiye a gabanta.

Ni ke da babur, don haka ni na ɗauke shi. Wosila ta biyo mu a acaba rungume da gwangwani kamar za ta kai shi suna.

Nas ɗin da ta karɓe mu sunanta Abake, kuma Raufu ne ya yi kiɗan auren uwarta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta yi masa gaisuwar tsohuwa, sannan ta miƙe ta zama wata daban. Ta juye gwangwani a faranti. Ta ce rabinsu ko ita ba ta san ko su wane ne ba tunda an raba su da takardarsu. Wasu sun manne da juna, wasu sun sake launi don tsufa. Ta tsinci maɓallin riga biyu. Ta ɗaga wata ƙatuwa ta ce wannan ta tsutsar awaki ce. Sai ta tara fararen ƙananan nan gefe guda ta tambaya wa ke shan su. Raufu ya ce maza masu ciwon baya. Ta ce ƙwayar tazarar haihuwa ce ta mata. Na shiga nazarin rufin ɗakin da kyau, don da damina na sha ta kwana biyar, kuma in faɗi gaskiya bayan ya saki.

"Baba," in ji Abake, "shekara nawa kuna wannan?"

"Tun ba a haife ki ba. Kuma ga ni."

"To tun ba a haife ni ba kuke koyar da ƙwayoyin cuta darasi. Kullum ku ba su kaɗan ku tsaya. Raunanan su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Ina tsoron duk launin da ke farantin nan sun san shi."

"To ki kawo launin da ba su sani ba."

"Akwai. Amma ba a koko ake shan sa ba, kuma ba a yi masa rabin hanya."

Ba ta mayar da gwangwanin ba. Ta ce ya yi ritaya.

Likitan saurayi ne da bai kai Sikira shekaru ba, amma ba ya kwana-kwana. Ya ce mugunya ta bi jijiya ta gangara tafi, garin da aka cusa da ƙyallen da aka ɗaure sun rufe mata ƙofa ne kawai. Da an ƙara kwana biyu, da ba maganar yatsa kaɗai ake yi ba. A ranar aka tsaga aka wanke, aka ɗebi mugunyar aka kai awo. Aka sa masa 'yar roba a jijiyar hannun dama, inda za a riƙa ɗura allura duk bayan awa shida, kwana bakwai cur. Ya ce in aka yanke kafin lokaci ciwon zai dawo, kuma in ya dawo sai dai a cire yatsan. Raufu ya ƙirga da yatsun da suka rage masa. Kwana bakwai daga Litinin Lahadi ce. Taro kuwa Asabar.

Laraba sakamakon awo ya fito, ya ba Abake gaskiya. Launuka ukun Raufu duk ba sa taɓa abin da ke cikin yatsan. Ya ce wannan ya nuna maganin zamani ne ya lalace, na da ba haka yake ba.

Ranar Alhamis na kai masa anko ya gwada. Zazzaɓi ya sauka, jan layin ya ɓace, kumburi ya ragu, har ya fara yi wa sauran marasa lafiya bayanin cututtukansu. Ya sa na matso, ya ɗaga hannun da ke naɗe da bandeji.

"Tela, duba. Ta taka, ta zauna. Me ya rage?"

"Kwana uku, in ji Abake."

"Abake ba ta da uwar da za a yi wa arba'in jibi."

Ya ce gobe Juma'a in zo da babur lokacin da aka fita masallaci, in tsaya bayan katanga wajen mai lemo. Zai zare robar da kansa, ya kwana biyu a gida yana motsa yatsu, Asabar ya yi wa tsohuwa abin da ta shekara goma tana gyara masa. In ya so Lahadi ya dawo su ci gaba da ɗure-ɗurensu. Na ce to. Ina fita na ci karo da Wosila a bakin ƙofa riƙe da kular abinci. Kallona kawai ta yi. Kafin ta gama amsa gaisuwata na faɗa mata har mai lemon.

Da la'asar Mulika ta iso. Ta zauna a bakin gado har gadon ya yi ƙara. Ba ta yi faɗa ba, wanda shi ya fi ba shi tsoro. Ta tambayi jiki, ta ba shi labarin shanu, ta ce guda ta rame a hanya. Sannan ta ɗora hannunta a kan bandejin.

"Raufu, in ka fita jibi ka matse igiya da wannan, ka yi wa Iya kiɗan yini ɗaya. Daga nan fa? Ni ke bin bayanta. Ranar nawa taron da wane hannu za ka ɗauki ganga?"

"Anti, ki daina irin wannan magana."

"Ba zan daina ba. Yadin ma na riga na zaɓa. Ba zan yarda a kai ni kasuwa da kiɗan mai yatsa huɗu ba."

Ya juya fuska bango. Sannan ya ce a gaya wa Lere ya zo da ganga gobe, akwai wurare uku a kirarin da tsohuwa ta sake, Lere bai san su ba.

Mulika ta wuce ofishin likita ta yi ciniki irin na kasuwar atamfa. Ta nemi yini guda, ya ce awa biyu, ta miƙe kamar za ta tafi, ya kira ta. Aka tsaya a kan tsakanin allurar sha biyun rana da ta shidan yamma. Hannu a rataye a ƙirji, ba ganga, ba musabaha. Juma'a Lere ya zo, aka hana shi shiga da ganga, sai suka zauna ƙarƙashin mangwaron asibiti, Raufu yana rera masa da baki, shi yana kaɗawa a hankali da tafin hannu, Raufu yana zaginsa a hankali shi ma don kada a kore su.

Asabar da sha biyu da rabi na sauke shi ƙofar gida. Layinmu duk ya zama shuɗi mai tsuntsu, na farke masa hannun hagu na 'yar ciki don bandeji ya wuce. Makaɗa suna tsaye suna jira, ba wanda ya taɓa fata. Uwar ganga tana kan tabarma da sabuwar fatarta. Lere ya zo ya kwanta rub da ciki a gaban yayansa, cikin sabon anko, a kan ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, ni da na yi gugar ina kallo.

Raufu ya sunkuya ya ɗauki gangar da dama. Bai miƙa ba. Ya tsaya riƙe da maɗaurin, ƙararrawa suna ɗan motsi. Ina kusa, na ga bandejin ya motsa, yana gwada yatsun a ciki. Wosila ta buɗe baki, Mulika ta riƙe mata zane. Ya gwada sau biyu. Sannan ya ce wa Lere ya tashi, ya rataya masa da kansa, ya gyara masa zaman maɗaurin a kafaɗa.

"In ka ɓata wurin nan na uku, da kaina zan sa ka cinye fatar."

"To, Boda," in ji Lere, don haka yake kiran yayansa.

Lere ya doka. Wallahi mun ɗauka shekara ashirin da huɗun nan barci yake yi a baya, ashe saurare yake. Ganga ta kira Sariyu, ta kira ubanta da garin da aka auro uwarta, ta faɗi yadda ta yi tallar manja da goyo a baya har ta aurar da 'ya'ya bakwai. Taro ya motsa ya nufi kasuwa, aka bar Raufu tsaye a gaba, ba ganga, bai san inda zai kai jikinsa ba. Makaɗi tafiya yake yi a biki, ba ya rawa. Shekara hamsin yana sa mutane taka ƙasa, shi bai taɓa gwadawa ba.

Lere ya sha gabansa ya tsaya, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan mamaci, ya ƙi juyawa. Dole Raufu ya taka. Ban taɓa ganin rawa irin wannan ba, kuma ina roƙon kada in sake. Kamar mutumin da tururuwa ta shiga wa wando yana kuma tsoron kifar da tiren ƙwai. Matan Abijan suka yi ta guɗa suna faɗuwa kan juna don dariya, Mulika na share hawaye da bakin gyale. Shi kuwa bai ji su ba. Ya ce min daga baya bai taɓa jin kirarin uwarsa daga gaban ganga ba sai ranar, kullum daga bayanta yake ji, ashe ba ɗaya ba ne. Wajen kasuwa, daidai wuri na uku, na ga idonsa ya cika. Ya ce hayaƙin masu dafa shinkafa ne. Masu dafa shinkafa suna can gida.

Biyar da rabi Wosila ta zo ta tsaya gefensa ta nuna masa agogon hannuna. Ana tsakiyar rabon nama. Bai yi gardama ba, ya dai ce Lere ya yi saurin shiga wuri na biyu, kuma a ajiye masa hanta.

Ya cika bakwai ɗinsa. Aka sallame shi da ƙwayoyi na kwana goma, waɗanda Wosila ta ɗaure a bakin zanenta, tana ba shi da hannunta, tana sa shi ya buɗe baki ta duba ƙarƙashin harshe. Kullum sai ya ce ya warke, kullum sai ta ce ta sani, ya haɗiye. Har yau in ka zauna da shi zai gaya maka da an bar shi da mai ruwan toka kwana biyu kacal da ba a kai ga wuƙa ba, amma yakan duba ko tana kusa kafin ya faɗa.

Yatsan ya tsira, sai dai ya ƙi lanƙwasawa. Wata huɗu yana matsa ƙwallon roba yana koya wa sauran ukun aikin huɗu. Da ya koma kiɗa, gangarsa ta rage sauri, tana magana a hankali kamar dattijon da ke zaɓen kalma. Bikin samari ya koma hannun Lere. Raufu ya riƙe suna da taron tsofaffi, ya ce daman su ne suka san abin da ganga ke faɗa.

Manunin kuwa in yana kiɗa tsaye yake ƙyam a wajen igiyoyi, yana nuna duk inda ya ga dama. Wanda ya faɗa kansa sai ya ɗauka shi aka zaɓa. Makon jiya a wani suna ya nuna mai raba takardar wuta, bawan Allah da ya zo wucewa kawai da jakarsa. Mutumin ya waiga baya, bai ga kowa ba, ya ajiye jakar a kan benci ya shiga fili.